Kwangila ce Ta Kashe Su: Ayarin Fursunoni Biyu na Farko Zuwa Ostireliya

A ranar 13 ga Mayu, 1787, jiragen ruwa 11 suka tashi daga Portsmouth a ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ɗauke da mutane fiye da 1,400, waɗanda sama da 700 daga cikinsu fursunoni ne. Bayan wata takwas a kan teku suka isa Botany Bay, kuma a ranar 26 ga Janairu, 1788, suka kafa sansani a inda birnin Sidni yake a yau, a ƙasar mutanen Eora, ba tare da an tambayi masu ƙasa ba. Waɗanda suka mutu a hanya ba su wuce 50 ba. Shekara biyu bayan haka ayari na biyu ya yi wannan tafiyar cikin wata biyar da 'yan kwanaki, ya kuma zubar da gawa fiye da 250 a teku daga cikin fursunoni kusan 1,000. An saba ɗora alhakin irin wannan asara a kan nisan tafiya da haɗarin teku. Wannan maƙala tana ganin cewa amsar tana cikin takardar kwangila.

Tura masu laifi ƙetare ba sabon abu ba ne ga Ingila. Tun daga dokar 1718 ta aika kimanin mutum 50,000 zuwa Amurka, galibi Maryland da Virginia. 'Yan kasuwa ne ke ɗaukarsu, su sayar da aikin ƙarfinsu na shekara bakwai ko goma sha huɗu ga masu gonakin taba. A wannan tsarin, fursunan da ya mutu a hanya asarar ɗan kasuwa ce kai tsaye. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya rufe wannan ƙofa, sai aka mai da tsofaffin jiragen ruwa a kogin Tems gidajen yari daga 1776, suka cika maƙil, zazzaɓi yana ɗibar mutane.

Hukuma ta fara waiwayar Afirka ta Yamma. A farkon shekarun 1780 an tura wasu fursunoni aikin soja a garuruwan cinikin bayi na gaɓar da ake kira Gana a yau, cuta ta cinye da yawansu. A 1785 aka yi shawarar jibge su a wani tsibiri cikin kogin Gambiya, kwamitin majalisa ya ƙi. Jirgin da aka aika duba gaɓar kudu maso yammacin Afirka ya dawo da labarin fari da rairayi. Sai a 1786 ministan cikin gida, Lord Sydney, ya tsai da shawara a kan Botany Bay, wurin da James Cook ya gani a 1770.

Sai dai a can babu mai gonar da zai sayi aikin kowa. Dole gwamnati ta biya kuɗin ɗauka daga aljihunta, kuma yadda ta tsara biyan shi ne ya zama batun rai da mutuwa.

A ayarin farko, ɗan kwangila William Richards ya ba da hayar jirage da abinci, amma iko yana hannun hafsoshin ruwa na gwamnati. Phillip ya yi ta damun ofisoshin Landan da wasiƙu kan abinci da sutura kafin a tashi. Ya yada zango sau uku, a Tenerife, da Riyo de Janero, da Kef Tawun. A Riyo an yi kusan wata guda ana ba fursunoni sabon nama da ganye da lemo, abin da ya rage cutar nan mai kumbura dasashi da zubar da haƙori, wadda rashin ɗanyen abinci ke haddasa wa matafiya teku. Babban likita John White yana zagaya jirage, ana fito da fursunoni shan iska. Tafiyar ta yi tsada, baitulmali kuma ya ji a jikinsa.

Don haka a karo na biyu aka nemi mai araha. Kamfanin Camden, Calvert da King, wanda ya yi suna a cinikin bayi tsakanin Afirka da Amurka, ya karɓi aikin a kan fam 17 da sule 7 da sisi kowane kai. Kuɗin kuwa na wanda aka loda ne a Ingila, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Lissafin a fili yake: duk fursunan da ya mutu da wuri ya bar wa mai jirgi abincin watanni, wanda za a iya sayarwa da tsada a Sidni, inda yunwa ta yi katutu. An kuwa sayar ɗin. An ɗaure mutane da irin marin da ake sa wa bayi, mai guntun ƙarfe tsakanin ƙafafu wanda ba ya barin mutum ya taka sosai, aka bar su a ƙasan jirgi ruwa yana shiga musu. Shaidu sun ce wasu kan ɓoye mutuwar wanda aka ɗaure su tare don su riƙa cin rabonsa har sai wari ya tona. A jirgin Neptune kaɗai an rasa fiye da 150 daga cikin kimanin 500. Limamin sansanin, Richard Johnson, ya ga ana sauke mutane da igiya kamar kaya saboda ba sa iya tsayuwa, wasu suna cikawa a cikin kwalekwale kafin a kai gaɓa. William Hill, hafsan soja da ya zo a ayarin, ya rubuta cewa cinikin bayi ma ya fi abin da ya gani rahama, domin mai jirgin bayi yana da riba a rayuwar kayansa.

Mai ja da wannan hujja zai iya cewa fursunonin 1790 sun shiga jirgi a galabaice daga gidajen yari, an cusa su fiye da kima, kuma zango ɗaya suka yi a Kef Tawun. Duk gaskiya ne, amma cunkoso da rage zango su ma 'ya'yan kwangilar ne, tunda kowace rana a tashar ruwa kuɗi ce daga aljihun kamfani. Jirgin Scarborough ya isa misali. Ya yi tafiyar duka biyu a hannun matuƙi ɗaya, John Marshall. A ta farko fursuna ɗaya ya rasa, a ta biyu kusan 70. Haka kuma jirgin Lady Juliana, wanda Richards ya shirya, ya isa Sidni a cikin watan Yunin 1790 ɗin da mata fiye da 200, 'yan ƙalilan ne suka mutu, ko da yake ya shafe kusan wata goma a hanya.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin da ta rubuta sharaɗin ba ta hukunta kowa ba. An gurfanar da matuƙin Neptune, Donald Trail, a Landan a 1792, aka sallame shi. Kamfanin kuwa ya riga ya samu kwangilar ayari na uku na 1791, inda aka sake rasa mutane fiye da 150.

Gyaran da aka yi daga baya ya nuna inda cutar take. A farkon shekarun 1790 aka fara riƙe wani kaso na kuɗin sai fursuna ya sauka lafiya, aka sa likitan sojan ruwa a jirgi, mace-mace suka ragu ƙwarai. Da aka sake sakaci, sai ga jirgin Hillsborough a 1799 ya rasa 95 daga cikin 300 saboda zazzaɓin kurkuku. Bayan rahoton likita William Redfern na 1814, wanda shi ma tsohon fursuna ne, aka wajabta sa likita mai cikakken iko a kowane jirgi. A ƙarƙashin wannan tsari aka kwashi mafi yawan mutum kimanin 162,000 da aka tura Ostireliya, har zuwa 1868 da jirgin Hougoumont ya sauke rukuni na ƙarshe a Fremantle.