Birni da Ƙauye a Tarihin Ƙasar Dutse



An nemi in yi magana a kan wata gardama da ta daɗe a bakin Hausawa, watau tsakanin zaman birni da zaman ƙauye wanne ya fi. Gardamar tana cikin labaranmu na ban dariya: baƙauye ya shigo birni an yi masa wayo, ɗan birni ya je ƙauye ya kasa bambanta gero da dawa. Kalmomin ma kansu sun riga sun yanke hukunci. In an ce mutum ya yi ƙauyanci, ba yabonsa aka yi ba. In kuwa aka ce wane ɗan birni ne, to, sai kowa ya dafe aljihunsa. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, a ƙasar Dutse, da ma ƙasar Kano baki ɗaya, son birni ko son ƙauye abu ne da yake bin tsaro da kasuwa da inda hukuma ta zuba kuɗinta. Duk lokacin da waɗannan uku suka tashi daga wani wuri, sai ka ga zuciyar jama'a ta bi su.

Mu fara da ita kalmar. A asali, abin da ya mai da gari birni shi ne ganuwa, ko da jama'arsa ba su da yawa. Shi ya sa maƙwabciyarmu Birnin Kudu take ɗauke da sunan tun ba a san mota ba. Kuma ganuwar Hausawa takan kewaye gidaje har da filin noma, domin in abokan gaba sun tsare ƙofa, a sami abin da za a ci. Ganuwar Kano kanta haka take, yawancin abin da ta kewaye gonaki ne da fili har zuwa ƙarni na 20. Ashe ke nan tun farko birni da gona a cikin katanga ɗaya suke.

Dutse kuwa tsohon gari ne, wanda duwatsunsa suka zame masa garkuwa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452 bisa ga lissafin Palmer, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Sarki ba ya neman surukuta a inda ba ƙarfi. Littafin ya kuma kawo labarin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma kawo wa Dutse yaƙi. Amma abin da ya fi shafarmu game da Kumbari shi ne harajin da ya ɗora wa Kasuwar Kurmi, ya tsananta har ya kai ga malamai. Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watse zuwa ƙauyuka, har sai da wani bafade ya gargaɗe shi cewa garin zai koma daga shi sai barorinsa. Wannan shi ne Kano ɗin da ake yi wa kirari da tumbin giwa, ga shi mutane suna gudunsa da ƙafarsu saboda zama ya yi tsada.

A ƙarni na 19 sai iska ta juya a wannan yanki namu. Daga tsakiyar ƙarnin, Ningawa suka riƙa kawo hari kudu maso gabashin ƙasar Kano, suna kama mutane suna kore dabbobi, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha zama a Takai domin tare su. Manomin da yake zaune shi kaɗai a tsakiyar gonarsa ya zama nama. Dole ya matso cikin ganuwa ko gindin dutse, ya riƙa fita gona da safe yana dawowa kafin a rufe ƙofa. Wanda ya ce kakanninmu na wannan zamani sun fi son zaman gari bai yi ƙarya ba, sai dai tsoro ne ya sa musu son.

Duk da haka, kada mu ɗauka cewa arziki a cikin birnin Kano ya taru a wancan ƙarni. Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta kimanin mutum 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin fatauci. Ya kuma lura cewa tufafin Kano da ake kai wa har Tambutu da Tarabulus, a gidaje ake saƙa su, iyali suna aikinsu ba tare da sun bar muhallinsu ba. Manyan marina suna garuruwa irin su Kura. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa, da yawansu a ƙananan garuruwa suke da zama, su yi noma da damina, su ɗaura kaya zuwa Gwanja da rani. Alhasan Ɗantata, wanda ya zama attajirin attajirai kafin rasuwarsa a 1955, a Bebeji aka haife shi a 1877. Masu sarauta na cikin birni suna da gandaye da rinji a karkara, inda bayi suke noma musu. Shi kansa Sarkin Kano yana da gidaje a Fanisau da Dorayi da Takai. Mutumin kirki na wannan zamani ƙafarsa ɗaya tana gari, ɗaya tana gona, kuma ba ya ganin ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

Har mulki ma yakan fito daga waje ya ci birni. Ibn Haldun ya faɗi haka a Muƙaddimarsa tun 1377, inda ya nuna cewa mutanen karkara ne suke kafa daula, jikokinsu kuma su lalace da jin daɗin birni. Shehu Usmanu a Degel ya zauna, bai tare a Alƙalawa ba. A yaƙin basasar Kano kuma, da aka naɗa Tukur a 1893, Yusufu da magoya bayansa fita suka yi zuwa Takai, suka tara ƙarfi a garuruwan wannan ɓangare, sa'an nan Aliyu Babba ya koma ya ci Kano a 1894.

To, yaushe ne ƙauye ya zama abin gori? A ganina, mulkin Turawa ne ya raba ƙafafun nan biyu, ko da yake farkonsa ya yi kamar zai yi akasin haka. Bayan an ci Kano a 1903, hare-hare suka lafa, mutane suka fara fita daga ganuwa suna kafa gidaje a gonakinsu, ganuwoyin ƙananan garuruwa suka zube ba wanda ya gyara. A wajen 1907 zuwa 1908 kuma Razdan Cargill ya tilasta wa hakimai su bar birni su je su zauna a gundumominsu, abin da da yawansu suka ɗauka kamar an kore su ne. Ga alama dai ma'aikacin da ba ya son a tura shi ƙauye yana da magabata.

Amma sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, kantunan Turawa da na Kwarori suka jeru kusa da tasha. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa aka kafa ta a 1909. Baitulmali, kotun Sarki, babban asibiti, duk a birni. A 1931 aka buɗe ruwan famfo da wutar lantarki a Kano, da kuɗin En'e. Ina so ɗalibai su tsaya a kan wannan. Kuɗin En'e haraji ne da jangali, waɗanda dagatai da masu unguwanni suka karɓo daga kowace gunduma, har da Dutse da Birnin Kudu da Jahun. Watau manomin da ake yi wa dariya don bai taɓa ganin famfo ba, da guminsa aka sayi famfon. Da aka ja hanyar jirgi zuwa Nguru, aka gama a 1930, ta bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ta bar Dutse can kudu. Malam Madori ta tashi saboda tasha da sikelin gyaɗa, tsohon gari mai tarihin shekaru ɗari biyar ya zauna yana kallo. A hankali kuma yadin kanti ya kashe masaƙa, mota da jirgi suka kashe ayarin jakuna. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Dorayi ta kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970 a littafinta na 1977, ta nuna yadda sana'o'in da suka riƙe ƙauye a da suka shuɗe, aka bar shi da gona kaɗai, gonar kuma tana ƙanƙancewa da rabon gado. Ita Dorayin ma yau unguwa ce a cikin Kano.

Abin da ya rage wa manomi shi ne cin rani. In an kai amfanin gona rumbu, sai samari su nufi Kano ko Jos ko Ikko, su yi dako, su yi ga-ruwa, su yi gadi, su rage wa rumbu baki, su dawo da 'yan kuɗin haraji da na aure kafin ruwan farko. Ɗan cin rani ba ya ƙin garinsu, wata biyar ko shida na rani ne ba su da aikin da za su ba shi. Farin 1973, da kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975, da masana'antun Bompai da Sharaɗa, su ne suka sa da yawa suka daina dawowa. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai makaranta ƙauye, amma takardar da yaro ya samu ba ta da inda za ta yi masa amfani sai ofis, ofis kuwa yana Kano.

Yanzu mu zo ga abin da wasunmu a ɗakin nan suka gani da idonsu. Ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka sa hedkwatarta a Dutse, garin da a lokacin hedkwatar ƙaramar hukuma ne kawai. Aka raba ma'aikatan tsohuwar Jihar Kano, aka ce 'yan asalin Jigawa su tattara su tafi gida. Nan fa aka ga abin mamaki. Mutanen da suka yi shekaru suna neman jiha, suna kukan an bar yankinsu a baya, da yawansu suka bar iyalansu a Kano, su zo Dutse ranar Litinin, su juya kafin ƙarshen mako, wasu ma su yi sammako su koma a ranar, tun da tafiyar ba ta wuce awa biyu. Albashin Jigawa a kasuwannin Kano ake cinye shi. Ba mu kaɗai ba ne: a watan Disamba na wannan shekara aka mai da gwamnatin tarayya Abuja, ma'aikatan Ikko ma haka suka riƙa jan ƙafa.

An zarge su da rashin kishi, akwai kuwa ƙamshin gaskiya a zargin. Amma duk magidancin da aka ce ya tashi, tambaya uku zai yi: ina zan sa iyalina, wace makaranta yarana za su shiga, in matata ta tashi haihuwa da dare ina zan kai ta? A 1991 Dutse ba ta da amsa mai gamsarwa. Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, ya rarraba ma'aikatu zuwa manyan garuruwan jihar, da nufin kowane yanki ya ɗanɗana. Niyyar tana da hujja, sai dai mai bin takarda ya riƙa yawo daga gari zuwa gari, hedkwata kuma ta ci gaba da zama kango. Gwamna Sule Lamido ya dawo da su Dutse daga 2007, aka gina sakatariya da gidaje da tituna, Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, filin jirgin sama a 2014. Da amsar tambayoyin nan uku ta fara samuwa, sai iyalai suka fara tarewa, ba tare da an yi wa kowa wa'azin kishin jiha ba. Wanda ya zagaya Yalwawa ko Takur ya ga yadda gini yake cin fili zai gane abin da nake nufi.

Wannan bunƙasa ta zo da nata ciwon. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum fiye da miliyan 4, mafi yawansu manoma a ƙananan hukumomi 27, ƙaramar hukumar Dutse kuwa kimanin 250,000. Manomin da yake bakin gari, in an yanka gonarsa fuloti-fuloti, ko ya sayar ko an biya shi diyya, ya zama ɗan birni ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Kuɗin sukan ƙare a aure da babur da gyaran ɗaki, ya wayi gari ba shi da rumbu, ba shi da albashi. Sa'an nan, shugaba, ga wani abu da ya kamata mu ma'aikata mu duba. Ba abin mamaki ba ne yau ka tarar da malamin makaranta ko malamin asibiti wanda wurin aikinsa yana wani ƙauye na Kiyawa ko Jahun ko Buji, amma gidansa da iyalinsa suna Dutse, ya je da hantsi ya dawo da azahar. Mai naƙuda a wannan ƙauye, in abin ya zo mata da tsakar dare, ɗakin shan magani a kulle za a tarar, sai a nemi mota ko amalanke a nufo Dutse, kamar yadda iyayenmu suke nufar Kano shekaru hamsin da suka wuce.

Nan zan dakata, domin a sami lokacin tambayoyi.