Sanarwar Sawaba: Me Ya Sa Jam'iyya Ke Rubuta Aƙidarta?

Makon nan tarihi zai kai mu Kano.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu da Magaji Dambatta. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shigo, a 1953 ya zama shugabanta. A shekarun farkon nan ne jam'iyyar ta fitar da 'yar gajeriyar takardar da ake kira Sanarwar Sawaba.

Abin da ta ƙunsa bai da yawa. Ta ɗora alhakin halin da Arewa ke ciki a kan mulkin En'e, wanda wasu gidaje ƙalilan suka kankane da goyon bayan Turawa. Ta ce buƙatar talakawa da ta masu riƙe da En'e ba sa haɗuwa, kuma talaka da kansa zai ƙwaci 'yancinsa. Zubinta ya yi kama da na sanarwar da wata ƙaramar jam'iyyar gurguzu ta Ingila ta fitar a 1904. Sai dai inda waccan ta ambaci ma'aikata da 'yan jari-hujja, 'yan NEPU suka sa talakawa da En'e, kalmomin da manomin da dogari ya taɓa kamawa kan haraji ya san ma'anarsu.

Amfanin irin wannan takarda biyu ne. Na farko, tana raba gari: mai shiga ya san abin da ya shiga, da wanda zai yi fushi da shi. 'Yan NEPU sun sha duka da ɗauri a kotunan alƙalai, Hajiya Gambo Sawaba ma an ɗaure ta sau da dama.

Na biyu, takan zama ma'aunin da za a auna masu ita. A 1978 Malam Aminu ya jagoranci kafa PRP. Da ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, talakawa suka ga alamar cika tsohon alƙawari. A 1980 jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɓangare na cewa shi ke kan aƙidar asali. Da ba a taɓa bayyana aƙidar ba, da babu abin kafa hujja da shi.

Mu ma mukan kafa ƙungiyoyin marubuta, mu rubuta manufofi irin su “ciyar da adabi gaba”. Wa za a iya tuhuma da saɓa wannan? A faɗi matsalar da sunanta, a faɗi wanda zai yi aikin gyara, yadda bayan shekara goma wani zai ɗauko takardar ya ce mana: ga abin da kuka ce, ina aka kwana?

Allah Ya ba mu ikon cika alƙawari.