Jan ƙafa a wurin aiki: Dalilansa, illolinsa da hanyoyin magance shi

Jan ƙafa a wurin aiki shi ne ma'aikaci ya ɗage aikin da ya yi niyyar yi, da son ransa, alhali yana sane cewa ɗagewar za ta jawo masa asara. Ya sha bamban da jinkirin da ke da hujja, kamar na akawun da ya dakatar da rahoto har sai alƙaluman da yake jira sun iso. Irin wannan ne ake cewa wani jinkirin alheri ne. Mai jan ƙafa kuwa babu abin da yake jira, fara aikin ne ya yi masa nauyi.

Ɗabi'a ce da ta yaɗu a duniya. Farfesa Joseph Ferrari na Jami'ar DePaul da ke Amurka, wanda ya daɗe yana nazarin lamarin, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na manya sun mayar da ɗage aiki halinsu na yau da kullum.

Abin da ke haddasa shi

An saba ɗaukar jan ƙafa a matsayin lalaci, amma masana halayyar ɗan Adam na ganin ba haka ba ne. Malalaci bai damu da aikin ba, shi kuwa mai jan ƙafa aikin na ransa, yana kuma cin sa. Sau da yawa ma za a same shi yana ta hidima: yana gyara tebur, yana amsa saƙonni, yana yin komai ban da abin da ya fi muhimmanci.

A wani nazari da suka wallafa a 2013, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun bayyana cewa tushen matsalar shi ne gudun ɓacin rai. Idan aiki ya zo da gundura, ko ruɗani, ko fargabar kuskure, ko tsoron faɗan shugaba, ture shi gefe na kawo sauƙi nan take. Wannan sauƙin ne ke koya wa mutum maimaita ɗabi'ar.

Shi ma Piers Steel na Jami'ar Calgary da ke Kanada ya tattara sakamakon bincike masu yawa a 2007, inda ya nuna cewa ɗage aiki ya fi yawa idan aikin ba shi da daɗi, ko mutum na shakkar iyawarsa, ko ladan aikin na da nisa, ko kuma hankalinsa na saurin ɗaukuwa. Wayar hannu ta ƙara tsananta na ƙarshen, domin WhatsApp da Facebook na ba da nishaɗi yanzu, rahoto kuwa sai ƙarshen wata za a ga amfaninsa.

Akwai kuma wa'adi mai tsawo. A 1955, marubucin Birtaniya C. Northcote Parkinson ya lura cewa aiki kan miƙe har ya cinye duk lokacin da aka ware masa. Wasiƙar da za a gama cikin awa ɗaya na iya cin mako guda idan mako aka bayar.

Illolinsa

Binciken da Dianne Tice da Roy Baumeister suka yi kan ɗalibai a 1997 ya gano cewa masu ɗage aiki sun fi samun kwanciyar hankali a farkon zangon karatu, amma a ƙarshensa sun fi fama da damuwa da rashin lafiya, kuma makinsu ya fi ƙasa. Wannan ya raunana iƙirarin masu cewa sun fi ƙwazo idan lokaci ya ƙure.

A ofis, illar ba ta tsayawa kan mai ita. Fayil ɗin da ya kwana a tebur na iya zama ƙarin girman wani ko haƙƙin ɗan fansho. Dokokin Najeriya ma sun sa wa wasu ayyuka iyaka. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata tura kuɗin fansho cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, tare da tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata kan abin da aka riƙe. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar mai neman bayani.

Hanyoyin magance shi

Tunda farawa ce ke da wuya, yawancin dabarun sauƙaƙa ta suke yi.

Na farko, a daddatsa aikin. "Rubuta rahoton shekara" dutse ne, amma "fito da alƙaluman watan Janairu" abu ne da za a iya yi kafin azahar.

Na biyu, a sa wa niyya lokaci da wuri. Masanin nan Bajamushe Peter Gollwitzer ya nuna cewa wanda ya ƙayyade yaushe da kuma ina zai yi abu ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya ce zai yi kawai. Maimakon "zan duba fayil ɗin", sai a ce "ƙarfe tara, da na zauna, shi zan fara buɗewa".

Na uku, a yi aiki a gajeren zango. Tsarin Pomodoro, wanda ɗan Italiya Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, ya tanadi minti 25 na aiki ba katsewa, sai hutun minti biyar.

Na huɗu, ƙananan ayyuka a sallame su nan take. David Allen, a littafinsa na 2001, ya ba da shawarar cewa duk abin da bai wuce minti biyu ba a yi shi a lokacin da ya zo.

Na biyar, a nisanta abin da ke ɗauke hankali. Wayar da ke cikin aljihun tebur ba ta kai wadda ke gaban ido jan hankali ba.

Na shida, a rage zargin kai. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Carleton a 2010 ya gano cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage shi kafin ta biyu.

Nauyin da ke kan shugabanni

Ba kowane jan ƙafa ne laifin ƙaramin ma'aikaci ba. Umarni marar kan gado da shugaban da ke hukunta kowane ƙaramin kuskure duk suna haifar da shi. Shugaban da ya fayyace abin da yake so, ya sa ranar karɓa, ya kuma nemi ganin daftari tun da wuri, ya rage wa na ƙasa da shi fargabar farawa.

Idan kuma ɗabi'ar ta yi tsanani, ta haɗu da rashin barci, ko baƙin ciki mai ɗorewa, ko kasa tattara hankali, yana da kyau a ga likita, domin tana iya zama alamar wata larura da ke buƙatar kulawa.