Gidan tarihin ƴan sandan Gilasgo: wa ke riƙe da labari?

A shekarar 2022 wani ɗan ƙaramin gidan tarihi a birnin Gilasgo, ƙasar Sikotland, ya cika shekara 20 da buɗewa. Ba hukuma ke tafiyar da shi ba. Tsofaffin ƴan sanda ne da suka aje aiki suka kafa shi a 2002, su ne kuma ke tarbar baƙi ba tare da albashi ba.

Abin da suke tsaro ya cancanci wahalar. A 1800 majalisar dokokin Birtaniya ta amince wa Gilasgo ta kafa ƴan sandanta, shekara 29 kafin Robert Peel ya kafa na Landan. An taɓa gwadawa a 1779 da 1788, rashin kuɗi ya kashe yunƙurin. Rundunar farko ta haɗa da masu gadin dare 68, kowa da fitila da doguwar sanda, lambarsa a bayan rigarsa. Ban da kamun ɓarayi, suna shelar lokaci, suna share tituna, suna kashe gobara.

A 1975 aka narkar da wannan runduna cikin ta yankin Strathclyde, ita ma a 2013 ta shige cikin runduna guda ta ƙasa baki ɗaya. Suna ya ɓace daga kan hula da takardun aiki. Da ba don waɗannan dattawa ba, da kaki da lambobin yabo da hotuna sun watse cikin akwatunan magada.

Sai dai mai karatu ya lura: wanda ya ci tuwon gida ba ya saurin kushe miyarsa. Ran 31 ga Janairu 1919, a dandalin George, ƴan sandan Gilasgo sun far wa ma'aikata masu yajin neman aikin awa 40 a mako da kulake, har gwamnati ta turo soja da tankokin yaƙi. Wannan rana ma tarihin rundunar ce, kuma jikokin waɗanda aka daka suna da nasu labarin.

Abin da nake faɗa wa ɗalibaina ke nan: a gode wa mai adana kaya, domin in babu shi babu shaida; sannan a nemi bakin wanda kulkin ya sauka a kansa.