Kuɗin Haya a Fatakwal, Anaca da Inugu: Daga Ina Aka Faro?

Yau ina so mu taɓa maganar da ba ta ƙarewa a majalisunmu, wato maganar haya. Duk inda Hausawa uku suka zauna bayan sallar isha'i, ko a Diobu ne ko a Asata, da wuya a tashi ba a ambaci maigida da takardar ƙarin kuɗi ba. Ni haifaffen Fatakwal ne. Mahaifina albasa da wake yake saukewa, yana da abokan ciniki a Anaca, ƙanensa kuma yana Inugu yana harkar awaki, don haka tun ina ƙarami nake jin ana kwatanta garuruwan nan uku. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, a Fatakwal wurin kwana ne ke cinye jarin mutum, a Anaca kuwa wurin ajiye kaya ne. Inugu ta fi su sauƙi, ko da yake ita ma ta fara koyon hali. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne dalili. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma na bi dattawa da tambaya, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa, sai na ga ashe farashin da muke biya yau tun zamanin Turawa aka fara yanka shi, aka ƙarasa lokacin yaƙin basasa.

Da farko dai kakanninmu ba haya suka zo suka tarar ba. Bafatake idan ya iso da shanu ko kanwa, wurin fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki da abinci, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ci bashi, shi kuma ya cire la'adarsa a cikin ciniki. Wato kuɗin kwana a cikin kuɗin saniya yake, ba a lissafa shi da wata ko shekara. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ma akwai maharba giwa Hausawa da suka zauna a Elele, cikin ƙasar Ikwerre, kafin a san za a yi wani gari wai shi Fatakwal.

Anaca ta girmi sauran biyun nesa ba kusa ba. Gari ne na bakin kogin Kwara, kuma tun 1857, da Turawan ciniki da 'yan mishan su Samuel Ajayi Crowther suka kafa sansani a wurin, bakin ruwan ya zama matattarar baƙi. Nufawa da Hausawa ta kwalekwale suka riƙa gangarowa, shi ya sa har gobe akwai titin Bida da titin Sakkwato a kusa da Babbar Kasuwa, kuma a nan tsohuwar unguwarmu da masallacinmu suke. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda 'yan asalin Anaca ke ba baƙo fili a wancan lokaci. Za ka kai wa dangin da ke da ƙasar goro da ɗan abin gaisuwa, sau ɗaya tak, sai su nuna maka wuri. Ka yi gini, ka zauna, 'ya'yanka su gada, amma ƙasar tasu ce, ba ka da ikon sayarwa. Da gari ya cika, waɗanda aka ba fili da goro suka fara zuba 'yan haya suna kwasar kuɗi, masu ƙasa suka ce ba su san zancen ba, har ta kai a 1935 Turawa suka yi doka musamman a kan wannan zaman goro. To ka ji, mai karatu. Wannan kuɗin goro da ejan ke karɓa a hannunka yau kafin ya nuna maka shago, sunan kawai ya gada, albarkar ta tafi.

Inugu da Fatakwal kuwa tagwaye ne, kuma kwal ce ta haife su. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi. Turawa suka rasa ta inda za su fitar da ita zuwa teku, sai suka karɓi ƙasa daga mutanen Diobu da Okrika suka gina tashar jiragen ruwa, Lugga ya sa mata sunan sakataren mulkin mallaka, Lewis Harcourt, a 1913. A 1916 layin dogo ya haɗa garuruwan biyu, a 1927 ya haɗu da na Kaduna, a 1932 aka gama gadar Makurɗi. Daga nan shanu suka daina takowa a ƙafa na watanni, mutanenmu suka biyo jirgi suka cika garikin Inugu da na Fatakwal. Anaca ba ta taɓa samun layin dogo ba, ita da ruwa da mota ta dogara.

Duk garuruwan biyu Turawa ne suka zana su da awo, suka ware wa kansu GRA, suka yanka wa sauran jama'a fuloti. Baƙo mai kuɗi yana iya samun fuloti kamar kowa, domin kusan kowa baƙo ne. Wanda ke shakkar irin zaman da aka yi ya tuna da Malam Umaru Altine, mutumin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, dillalin shanu, wanda ya shiga jam'iyyar NCNC ta Zik har aka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Ɗan haya mai jiran a kore shi ba ya zama magajin gari. Mutanen wancan zamani zama suka zo yi.

Sai 1966 ta zo. Bayan kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a Arewa a watan Satumba da Oktoba, aka rama a kan mutanenmu a garuruwan Gabas, gwamna Ojukwu kuma ya ce duk wanda ba ɗan yankin ba ya fita, don ba zai iya lamunce tsaron ransa ba. Aka loda mutane a jirgin ƙasa da abin da hannu ya iya ɗauka. Dattawan da na zanta da su sun ce a nan igiya ta tsinke. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, wasu suka dawo, wasu ba su ƙara waiwayar Kudu ba, kuma mafi yawan waɗanda suka dawo a matsayin 'yan haya suka dawo, wani ma a unguwar da ubansa ya taɓa mallakar gida. Daga lokacin aka samu sabuwar ƙa'ida wadda ba wanda ya rubuta ta amma kowa na bin ta: nemi kuɗi a nan, yi gini a gida.

Ba mu kaɗai muka ɗauki wannan karatu ba, kuma a nan ne sirrin tsadar Fatakwal yake a ganina. Kafin yaƙi, yawancin gidajen haya na cikin garin Fatakwal da Diobu na 'yan kasuwar Ibo ne. An ƙirƙiro jihar Ribas a Mayun 1967, sojojin tarayya suka kama garin a Mayun 1968, masu gidajen suka gudu. Gwamnatin jihar ta kira gidajen dukiyar da aka yasar, ta riƙe su. Da masu su suka dawo bayan yaƙi, da yawa ba su samu nasu ba, aka yi ta shari'a da kwamitoci, har da wanda David Mark ya shugabanta yana manjo a shekarun 1970, a ƙarshe aka sayar da gidaje masu yawa ga 'yan jihar. Mutanen da suka fi kowa iya gina gidan haya sai suka ja da baya, suka kwashi kuɗinsu zuwa Anaca da Aba da Owerri. Daidai wannan lokaci ne kuma kuɗin mai ya ɓarke. An samu mai a Oloibiri a 1956, matatar Eleme ta fara aiki a 1965, masana'antu suka cika Trans-Amadi, ma'aikatan kamfani suka yi ta kwarara da albashin da ba irin na kowa ba. Masu neman ɗaki sun ninka, masu gina ɗaki sun ragu, ga gari ruwa da fadama sun kewaye shi ta kudu, sai ta arewa kawai yake iya miƙewa. Maigidan da ya taɓa ɗanɗana kuɗin kamfani, wanda ake biyansa shekara biyu a dunƙule ba ciniki, yaya za a yi ya saurari mai sayar da tsire?

Ko da tsagerun Neja Delta suka matsa da sace Turawan mai daga 2006, kamfanoni suka kwashe mutanensu zuwa Legas, manyan gidaje suka zauna ba kowa, ɗakin talaka bai sauko ba. A 2009, shekarar da marigayi 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun afuwa, gwamnatin Amaechi ta rushe unguwar bakin ruwa ta Njemanze, a 2012 ta rushe ta Abonnema Wharf. Dubban mutanen da ke kwana a ɗakunan katako da kwano suka fantsamo cikin Diobu suna neman ɗaki ɗaya, irin wanda mu ma muke nema. Gidan da muke ciki, maigidanmu ya taɓa ƙara mana kuɗi sau biyu cikin shekara guda, da mahaifina ya yi magana sai ya nuna masa ƙofa ya ce akwai mutum biyar a layi. Ba ƙarya ya yi ba, akwai su. Shi ya sa mutanenmu suka yi ta ja baya zuwa Elelenwo da Oyigbo, inda ɗaki ya fi araha, amma abin da ka rage a haya kana mayar da shi a kuɗin mota da zaman cunkoso a hanyar Aba. Wanda kuma ya yi ƙarfin halin sayen fili, bayan dokar ƙasa ta 1978 da ta sa komai sai da sa hannun gwamna, ga samarin unguwa da za su tsaya a kansa sai ya biya kuɗin taka fili, ya biya na sauke yashi, ya biya na ɗora rufi.

A Anaca lissafin juyawa ya yi. Yaƙi ya ragargaza garin, Babbar Kasuwa ta ƙone, gadar da aka buɗe a Disambar 1965 aka karya ta. Amma da aka sake gini, kuɗin da ya gudo daga Fatakwal da sauran wurare ya tashi benaye hawa huɗu hawa biyar a Fegge da Odoakpu da Awada, manne da juna ba wurin shan iska. Ɗakin kwana ya samu, musamman can sama inda ba ruwa sai ka hau da jarka a ka. Abin da bai samu ba shi ne ƙasa, wato hawan farko mai kallon titi. Duk shekara iyayen gida na yaye yaran shagonsu bayan sun yi musu bauta shekara shida ko bakwai, kuma kowane yaro da aka sallama shago yake nema, a cikin layin da ake sayar da irin kayan da ya koya, ba wani wuri ba. Rumfar da hukuma ta ba mutum ɗaya a farashin gwamnati sai ta bi hannu uku kafin ta iso ga wanda zai zauna a ciki, kowa da nasa kason. Don haka a Anaca za ka ga sito ɗan ƙarami wanda ko tabarma biyu ba zai ɗauka ba ya fi ciki da falo tsada, mai shi kuma shekara biyu zai nema, ban da na ejan da na lauya, kowanne kashi 10 cikin ɗari. Daga Agustan 2021 kuma aka shafe shekaru ana rufe kasuwa ranar Litinin saboda dokar zaman gida ta 'yan IPOB, ba kuma maigidan da ya rage ko kwabo saboda ranar da aka rasa.

Mu kuwa a Anaca akwai wani kuɗin da muke biya wanda ba ya cikin rasit. A Fabrairun 2006, bayan rikicin Maiduguri, aka far wa mutanenmu a garin, aka ƙone masallatai da rumfuna, waɗanda suka tsira wasu barikin soja suka shiga, wasu suka tsallake gada zuwa Asaba. Da yawa daga nan ba su sake kwana a Anaca ba. Abokan cinikin mahaifina har yau haka suke yi: shago a Anaca, iyali a Asaba, jiha daban, gwamna daban, gada a tsakani. Haya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Asaba ma tun da ta zama hedkwatar jihar Delta a 1991 take ƙara tsada, ga gada ta biyu da aka buɗe a 2023 ta ƙara wa filayen wajen daraja.

Inugu ba ta da dogon labari. Kwal ta mutu, aikin gwamnati ya rage. Ta yi hedkwatar Jihar Gabas, ta yi ta tsohuwar Anambara daga 1976, ta zama ta jihar Inugu a 1991, kuma garin da yawancin 'yan hayarsa albashi suke jira, maigida ba ya iya wuce abin da albashi zai ɗauka. Ga fili ta ko'ina wajen Abakpa da Emene da Awkunanaw. Baffana ya ce a shekarun nan abin ya sauya, domin rashin tsaro a ƙauyuka ya turo masu hali cikin gari, siminti kuma ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a 2023. Duk da haka shago a Ogbete bai kamo ƙafar na Anaca ba, ɗaki a Asata kusa da masallacin titin Owerri bai kamo na Fatakwal ba.

Akwai kuma waɗanda suka guje wa hayar gaba ɗaya, suka koma irin zaman zamanin fatoma, suna kwana inda dabbobinsu suke, a garikin Ugwuoba da ke hanyar Inugu zuwa Anaca, ko a Lokpanta da ke hanyar Inugu zuwa Fatakwal. A Lokpanta an haifi yara an aurar da su a cikin kasuwa. A 2023 gwamnan Abiya, Alex Otti, ya ce saboda matsalar tsaro za a katange kasuwar, a riƙa ci da rana a rufe da yamma, kowa ya je ya nemi ɗaki a cikin garuruwan da ke kewaye. Shugabanninmu sun yi ta kai kuka cewa mutane dubbai ne, kuma sun shekara da shekaru a wurin. Amma da aka zo maganar takarda, filin ba na kowa ba ne a cikinmu, alhali da yawa daga cikin dillalan da ke wurin suna da gidaje ginannu a Arewa, waɗanda ba sa kwana a cikinsu sai da babbar salla.