Daga Dogari zuwa Jandarma: Ƙofofin da Yayata ta Buga

Ina aji uku a kwaleji yayata ta shigo gidanmu da magariba, ɗanta a goye, ido ɗaya a kumbure. Inna ba ta tambaye ta komai ba, tabarma kawai ta shimfiɗa mata. Kwana tara ta yi. Ran na goma dattawa biyu suka zo biko, Baba ya yi faɗa, suka ba da haƙuri, ta koma. Ba a yi wata uku ba ta sake dawowa, wannan karon da karaya a hannu. Mijinta mai kaki ne. Daga nan muka fara yawon ofis-ofis, ni ne mai riƙon takardu tunda ni na iya faransanci. Yawon nan ne ya sa na bi sawun tarihin wannan magana.

Tun kafin zuwan Nasara, a ƙasar Katsina da Gobir, yaji shi ne garkuwar mace. Gidan uba katanga ne: miji ba ya kutsawa ya fizgo ta, sai dai ya aiko manya. In abin ya gagara a je wurin mai gari, daga nan fada, inda ga alƙali ga dogarai. Kada mu raina wannan tsari, ƴan uwa, ya tsare mata da yawa. Amma fa wadda take da uba tsayayye yake tsarewa. Wadda aka cinye sadakinta, babu abin mayarwa, ita kam haƙuri ake ba ta har ta haddace shi.

Da Faransawa suka zauna Tasawa da Maraɗi, sai kwamanda ya zo da gardinsa. Aikin gardi haraji ne da kamun mutane zuwa aikin tilas, ba ruwansa da kukan matar wani. Maganar aure aka bar wa al'ada. An dai sa hannu a dokar Mandel a 1939, wadda ta ce sai da yardar amarya, da ta Jacquinot a 1951 kan kuɗin aure, amma a Faransa aka rubuta su, ƙauye bai ji ɗuriyarsu sosai ba. Mai son zurfin wannan zamani ya nemi littafin Barbara Cooper kan aure a Maraɗi, na 1997.

Bayan 1960 kakin ya yi yawa. Ɗan sanda yana birni, ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Jandarma soja ne, ma'aikatar tsaro ke riƙe da shi, amma shi ke binciken laifi a karkara ya kai wa mai gabatar da ƙara. Gardi kuma, jikan gardin kwamanda, yana tsaron gidan kaso da ofisoshin hukuma. Ga sarakuna, waɗanda doka ta ba ikon sulhu a maganar al'ada tun daga dokar 1993 har ta 2015. To mace daga wani ƙauyen Gangara, jini na zuba, wace ƙofa za ta fara bugawa? Ku tuna Gazawa kanta sai 2011 ta rabu da Agye ta samu nata perefe.

Abin da na gane da baƙin ciki shi ne, duk masu kakin nan babu takarda guda da ta haɗa su. Faransa ta kafa umarnin kariya a 2010: alƙali ya hana miji kusantar matar tun kafin a gama shari'a. Najeriya ta sa irinsa a dokarta ta 2015. Mu kuwa dokar iyali ta daɗe tana ciwo, ƙoƙarin 2011 ma aka janye shi bayan ƙungiyoyin addini sun tashi. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya kan haƙƙin mata a 1999 amma da togaciya, majalisa ta ƙi ta Maputo a 2006. Gyaran dokar hukunci na 2003 ya taɓa bauta da kaciyar mata. Dukan miji kuwa ya zauna cikin duka da raunatawa, daidai da faɗan kasuwa. Sai an karya ki tukuna, ki kawo takardar likita.

A Gidan Rumji abin ya ƙara cakuɗewa tun 2019, da dubban ƴan gudun hijira suka ƙetaro daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakwari, sojoji suka yawaita saboda ƴan bindiga. Kakin da mace take fara gani a can sau da yawa na soja ne, shi kuwa ba a horar da shi karɓar ƙara ba, iyakarsa ya tura ta jandarmeri. Ko da akwai sashen mata da yara a wurin ƴan sanda da jandarma, kuɗin kabu-kabun zuwa can fa, wa zai biya?

Mu dai ga yadda tamu ta ƙare. A ofis na farko aka ce maganar gida ce, mu koma fada. A na biyu, da aka ji aikin mijin, murya ta yi ƙasa: "Malam, ku fara ganin shugabansa." Baba ya sa babbar riga muka je. Mutumin ya saurare mu a tsaye, ya duba hannun yayata, ya ce, "Baba, ku je, zan ji da shi." Aka tsare shi ƴan kwanaki, aka canza masa wurin aiki zuwa nesa. Wallahi mun samu barci. Amma alfarma ce, babu hatimi, babu alƙali. Da wani shugaban muka tarar, da ban san labarin da zan ba ku ba.

Auren a fada ya mutu, Baba ya sayar da tumaki biyu ya mayar da sadaki. Yanzu tana soya ƙuli-ƙuli, hannun yana mata zogi in sanyi ya shigo. Takardar likitan tana cikin jakata har yau, ba wanda ya taɓa neman ganin ta.