Baƙon da Ya Auna Sorayenmu

Wanda gobara ta taɓa cinye wa rumbu ba ya raina hayaƙi. Abin da na fahimta ke nan daga rayuwar Zbigniew Dmochowski, masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Folan, wanda yaƙi ya raba shi da gida, ya ƙarasa kwanakinsa yana yi wa ginin gargajiya na Nijeriya hidima.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yana cikin masanan jami'ar fasaha ta birnin Warsaw masu bin tsofaffin gine-gine suna aunawa suna zanawa. Jamus ta mamaye Folan a 1939, a 1944 kuma ta mayar da Warsaw kufai. Da aka tashi sake gina tsohon garin, irin waɗannan zane-zane ne suka nuna wa magina inda kowane bango yake a da. Shi kuwa yana zaman gudun hijira a Ingila, ƙasarsa ta koma hannun 'yan gurguzu. A Landan ya wallafa littafi kan gine-ginen Folan a 1956, wato tarihin gidan da ba ya cikinsa.

A 1958 ya iso Nijeriya, ya kama aiki da sashen kula da kayan tarihi. A lokacin siminti da kwano sun fara zama alamar wayewa, ana kallon jar ƙasa a matsayin shaidar talauci. Shi ko da ya shiga Kano da Zariya da Katsina, sai ya ga ilimi. Tare da matasan Nijeriya da ya horar, ya auna kaurin bangon tubali, ya zana yadda ake jera azara a ɗaure bakan gizo, da yadda tulluwa ke zama a kai ba tare da ƙarfe ba. Cikin abin da ya zana har da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim.

Ya koma gida ya koyar a Gdansk, amma a shekarun 1970 ya dawo Jos, inda ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya, aka gina kwatankwacin masallacin Zariya da ganuwar Kano da wani sashe na fadar Katsina. Ya rasu a 1982. Sai a 1990 littafinsa mai juzu'i uku ya fito, na farkon kan Arewa. Da wani sashe na masallacin Zariya ya rufta wa masallata a watan Agustan 2023, aka ga cewa tsoronsa ba na banza ba ne.

Ni da na tashi tsakanin Batsari da Safana, wannan tarihi ya shafe ni kai tsaye. Hare-haren 'yan bindiga daga Dajin Rugu sun tashi ƙauyuka, mutane sun kwararo cikin gari, wasu sun wuce Katsina. Ginin ƙasa kuwa da mai shi yake rayuwa. Idan babu mai yi masa yaɓe da makuba, babu mai gyara indararo kafin damina, ruwan shekaru kaɗan ya isa ya kwantar da soro. Maginan da suka san sirrin aikin suna gudun hijira, 'ya'yansu sun koma ɗaukar bulo.

Dmochowski ya auna fadoji da manyan masallatai, kuma sun sami takarda. Zaurukan ƙauyukanmu da rumbunansu har yanzu a ƙwaƙwalwar dattawa suke. Mu da muka yi karatu muna da abin awo da wayar ɗaukar hoto, maginan kuma suna nan da ransu a unguwannin da suka fake. Ya kamata mu same su da takarda da alƙalami tun suna iya zana mana a ƙasa, domin ranar da aka koma gida a san abin da za a tayar.